Saniya A Gonar Inna

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Auta, ina shafin yau?", ku sassauta mini. Wannan shafin sai da na ajiye shi na je na wanke fuska sannan na dawo na ƙarasa. Ku nemi wuri ku zauna.

*

Ranar da za a sallamo Inna daga asibiti, tun da hantsi nake ɗakinta da tsintsiya da tsumma.

Aikin yanar ido aka yi mata. Shekara da shekaru muna lallashi tana cewa wuƙa ba za ta taɓa mata ido ba, sai rana ɗaya ta tashi da kanta ta ce a kai ta. Likita ya riƙe ta 'yan kwanaki saboda hawan jini. Da za a shiga da ita ɗakin aiki ta damƙe hannuna ta ce,

"Auta, in Allah ya buɗe idon nan, gaban gonata za ku fara kai ni."

Inna ba ta da gona ko ta taki ɗaya. Hoton fenti ne, zanen hannu, mu muka sa masa suna gonar Inna. Tun kafin a haife ni yake rataye a bangon da ke kallon ƙofarta. Ta ce mana a wajen 'yan gwanjo ta saye shi.

In ka matsa kusa ba abin da za ka gani sai dangwale-dangwalen fenti, kore nan, rawaya can, sai ka ce yaro ya goge hannu a yadi. Amma ja baya zuwa bakin ƙofa. Nan take fili zai buɗe maka. Ciyawa ta kai ƙugu, iska ta kwantar da ita gefe guda, jajayen furanni sun watsu a ciki, ga bishiya ita kaɗai can nesa, rana ta take har sama ta yi fari-fari. Wallahi sai ka ji zafin ranar a goshinka.

Ina ƙarama, duk ranar da aka ɓata mini rai, bakin ƙofar nan nake zama in yi ta tafiya da ido a cikin ciyawar har in kai bishiya. A cikin gari aka haife ni, ban taɓa kwana a ƙauye ba, amma kewar filin nan nake yi kamar can aka yanke mini cibiya.

Ranar da aka kwantar da Inna, Yaya ya zo ya sauke hoton. Ya ce gara ta ci katakon gefe, zai kai a canza. Ban kawo komai a raina ba.

Yaya wana ne, uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa. Nasa ya rasu tun yana rarrafe, Babanmu ne ya raine shi har shi ma Allah ya karɓi abinsa. Bakanike ne. Mutumin kirki ne na ƙarshe, amma yana da ciwo ɗaya: abin da bai lalace ba ma sai ya gyara shi.

Ina goge taga na ji sallamarsa. Ya shigo da kayan gareji a jikinsa, hoton a hammata an naɗe shi da tsohon bargo, bakinsa har kunne.

"Auta, rufe idonki."

"Yaya, ba ni da lokacin wasa. Yanzu Anti ta kira, sun baro asibiti."

Anti matarsa ce, ita ke jinyar Inna.

"To zo ki ga aiki."

Ya jingina shi da gado, ya yaye bargon.

Tsumman hannuna ya faɗi.

Sama ta koma shuɗiya wal, sumul kamar bangon aji. Ga rana zagayayya rawaya da tsinkayenta a jere. Ciyawa an zana ta ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran mataji. Bishiyar ta zama lema. An ja wata hanya ɗoɗar ta tsakiya, an dasa gida mai jan rufi da ban taɓa gani ba. A gindin bishiyar kuwa wata ƙatuwar saniya ce, fara da baƙi, ta zuba mini ido. Duk abin sai sheƙi yake kamar motar da ta fito daga wanki.

"Yaya, wannan mene ne?"

"Gonar Inna mana."

"Ina nufin ina tata? Ina ta ainihin?"

"Ita ce wannan. Gyara ta aka yi."

Na ja baya zuwa bakin ƙofa, ko Allah zai sa filin ya buɗe. Bai buɗe ba. Daga nesa saniya, daga kusa saniya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, ka kashe mu."

Fara'arsa ta ragu.

"Ke ba ki da kirki, wallahi. Kin san wanda ya yi aikin nan? Mai fentin da ke gefen garejinmu. Duk manyan motocin da kike gani da zaki da dawisu a baya, hannunsa ne. Layi ake yi masa."

"Gonar Inna ce ta zama bayan tirela?"

"Ki iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne."

"Katako ka ce za ka canza!"

"Na canza katakon. Da na kai ne mutumin ya duba ya ce, ai wanda ya fara zanen nan bai ƙarasa ba, shafen farko kawai ya yi ya gudu. Ni ma na duba na ga gaskiyarsa. Babu layi ko ɗaya a ciki, Auta. Bishiya ba ganye, fure ba kai ba gindi."

"Haka yake! Haka aka yi shi!"

"Haka aka yi shi a wajen wa? Sau nawa kika ji Inna tana cewa gonarta ta yi mata dishi-dishi, ba ta ganinta? Sau nawa?"

"Idonta ne ya yi dishi-dishi, Yaya, idonta!"

"To ai shi ya sa. Likita ya gyara ido, mai fenti ya gyara hoto. Ta buɗe ido ta ga komai tar, ba sai ta yi ta ƙanƙance ido daga bakin ƙofa ba."

Yadda ya faɗe shi da zuciya ɗaya, shi ya fi ƙona mini rai. Da mugunta ya yi da na san inda zan kama shi. Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji kamar in rungume shi in yi kuka.

Na ɗauko bargon.

"Kawo a naɗe. Mu tura ƙarƙashin gado. Mu ce katakon bai gamu ba."

"Ban gane ba."

"Mu ɓoye shi, Yaya. Jininta bai gama sauka ba."

"A kan me zan ɓoye alheri?" Ya fizge bargon ya jefar. "Ke dai baƙin ciki kike yi don ba ke kika kawo dabarar ba."

Ya ɗaga hoton ya maƙala a ƙusarsa. Ya ja baya, ya daidaita gefe ɗaya da yatsa. Na lura ya daɗe yana kallo. Ya sosa ƙeya.

"Saniyar ce dai ta ɗan yi girma," in ji shi a hankali.

Kafin in ba shi amsa muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.



Muryar Anti ce ta fara shigowa. "A hankali, Inna, ga dakali. Ɗaga ƙafa. Yauwa."

Na fita da gudu. Inna ce riƙe da kafaɗar Anti, baƙin tabarau a fuskarta, tana taku kamar mai tsoron fasa ƙwai.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya idon? Kina ganina?"

Anti ta yi dariya. "Ina fa! Tunda likita ya cire bandeji ya ɗaga mata yatsu ta faɗi daidai, ta mayar da idonta ta rufe. Duk hanya a rufe muka zo. Na ce Inna ga titi, ga mutane, ta ce ba su ta yi kewa ba."

"Auta ce?" Inna ta lalubo fuskata. "Ki yi haƙuri, 'yar albarka, ke ce ta biyu. Ina Babba?"

Haka take kiran Yaya.

"Ga ni, Inna."

"Zo ka tsaya kusa da ni. Nan, dama da ni. Kar ka matsa ko'ina, yau da kai nake."

Yaya ya dube ni, na kawar da kai.

Muka taka da ita har bakin ƙofar ɗakinta. Ta sa ƙafa ta taɓa dokin ƙofa, ta tsaya cak.

"Nan ne. Daga nan ake ganinta."

"Inna," na ce, "ki fara hutawa mana. Ki sha ruwa, ki kwanta, in an jima..."

"Na huta shekaru, Auta."

Ta cire tabarau ta miƙa wa Anti. Ta yi bismilla. Ta buɗe ido a hankali, tana ƙiftawa.



Murmushin da ta taho da shi tun daga asibiti yana nan a fuskarta, ya rasa inda zai je. Ta ƙifta ido. Ta sake ƙiftawa. Ta waiwaya ta dubi gadonta, ta dubi kabad, ta dubi labule, ta dawo kan bango.

"Ɗakina ne wannan?"

"Naki ne, Inna," in ji Anti.

"To likitan nan bai gama aikinsa ba. Wani abu nake gani daban."

Yaya ya gyara murya.

"Idonki lafiya lau, Inna. Ni na sa aka gyara miki ita. Kin ga yanzu komai ya fito. Ga gida, ga hanya, ga..."

"Aka gyara."

"Eh, Inna."

"A kanta aka shafa wannan?"

"A kanta."

Inna ta saki kafaɗar Anti. Ta taka ita kaɗai, ta wuce gado, ta je gaban hoton har numfashinta na taɓa shi. Tunda nake ban taɓa ganin ta matsa masa haka ba. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan cikin saniyar.

"Babba. Abin da ke nan wurin fa?"

"Wanne?"

"A gindin bishiya. Shuɗi, da ɗan fari a samansa."

"Au, wannan tabon?" Yaya ya saki ajiyar zuciya, ya ɗauka ƙaramar magana ce. "Ai shi na fara nuna masa. Na ce ga inda wani fenti ya ɗiga ya ɓata wurin, ya rufe shi da kyau. Ya ce me zai sa, na ce ya sa saniya, tunda gona ce."

Inna ta yi baya taga-taga. Da ba don na tare ta ba da ƙasa za ta kai. Muka zaunar da ita a bakin gado.

Hawaye ya fara bin kumatunta.

Anti ta rikice. "Inna, don Allah! Likita ya ce ban da kuka, ban da murza ido. Ki rufa mana asiri."

"Ku bar ni. Idon ai ya gama amfaninsa."

Yaya ya durƙusa a gabanta. "Inna, in ba ki so, wallahi gobe in zaga 'yan gwanjo kaf in nemo miki irinsa. Wanda ya fi shi ma."

"Ba a gwanjo na saye shi ba."

Muka dubi juna.

"Ƙarya na yi muku. Ubanka ne ya zana shi."



"Wane uban?" in ji Yaya, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Uba nawa ka rasa kana rarrafe?"

Ya zame daga durƙuso ya zauna daɓas a ƙasa.

Ni na san abin da maganar nan take nufi a wurinsa. Tun muna yara Yaya yake tambayar hoton ubansa. Dangin uban sun watse, babu wanda ya ajiye ko na katin aiki. Na sha kama shi a gaban madubi yana juya fuska, in na tambaya ya ce aski yake dubawa.

"Kin ce mini babu hotonsa," ya ce. "Na tambaye ki ina yaro, na tambaye ki ranar aurena. Kin ce babu."

"Na mai hoto babu. Wannan kaɗai ne."

Ta share hanci da bakin mayafi. Idonta na kan bango, amma na san ba saniyar take gani ba.

"Malamin zane ne a makarantar ƙauyenmu. Filin nan a bayan makarantar yake. In an tashi yara sai ya ɗauki katakonsa da fentinsa ya tafi, ni ina biye da kai a hannu. Da sauri yake yi, kamar ana korarsa. In na ce Malam ka bi a hankali mana, sai ya ce haske ba ya jiran kowa. Wai shi ba bishiya yake zanawa ba, hasken da ya sauka a kanta yake son kamawa kafin ya gudu."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka.

"Mutanen gari cewa suke bai iya ba. Ni ma ranar da ya gama wannan na leƙa na ce, Malam, wannan ai kwaɓa ce. Ya kama kafaɗuna ta baya ya yi ta ja na, baya, baya, har na kusa faɗawa kwata. Ya ce to duba. Na ɗaga kai. Wallahi ihu na yi. Ga fili a gabana, ga fili a kan yadi, har iskar."

Ta juya ga Yaya.

"Ranar ka yi ta rigima, zafi ya dame ka. Ya ajiye burushi ya karɓe ka, ya tafi da kai gindin bishiyar can, ya ɗora ka a kafaɗa yana jijjigawa har ka yi barci. Da ya dawo ya miƙo mini kai, ya dangwali shuɗi ya ɗiga a gindin bishiya, kalar rigarsa. Ya dangwali fari ya ɗiga a sama. Ya ce, ga mu nan ni da mutumina. In ya yi wayo zan tsayar da shi daga nesa in nuna masa."

Ta sake duban gindin bishiyar.

"Ciyawar nan ba ta bushe ba zazzaɓi ya ɗauke shi."

Yaya ya sa hannu biyu ya riƙe kansa.

"Fuskarsa ta fito?" ya tambaya, muryarsa kamar ta yaro.

"Babu fuska. Ai ka san yadda hoton yake. Amma daga bakin ƙofa tsayuwarsa ce sak. Yadda yake sauke kafaɗa ɗaya. Irin taka in ka gaji."

Na runtse ido ina neman wurin a kaina. Na tuna shi. Ɗan shuɗin nan na gindin bishiya, sau nawa na kai gare shi a tafiyata ta yarinta, na ɗauka inuwa ce. Ashe mutum ne yake tsaye yana jira a nuna shi.

Sai kuma Babanmu ya faɗo mini a rai. Bakina bai iya shiru ba, kun sani.

"Inna, Babanmu fa? Duk shekarun da ya yi yana kwana a ɗakin nan, hoton wani yake kallo bai sani ba?"

"Auta!" in ji Anti.

"Bar ta ta tambaya, ubanta ne." Inna ta juyo gare ni. "Babanku ya riƙe ni da amana, ya riƙe Babba kamar shi ya haife shi. Na so shi, Allah ya sani. Amma yana da kishi, ko sunan marigayi ba ya son ji. Na tare da hoton a ƙasan akwati, na ce na gwanjo ne don ya bar ni in rataya."

"Ya yarda?"

"Ya daɗe yana kallonsa daga bakin ƙofa. Sai ya fita ya dawo da guduma. Ƙusar can shi ya kafa ta da hannunsa. Har ya koma ga Allah bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ina jin ya sani."

Na dubi ƙusar. Kewar Baba ta taso mini ta rufe ni, na zauna kusa da ita na kifa kai a kafaɗarta.

"To bayan rasuwarsa fa?" Yaya ya ɗago, idonsa jajir. "Me ya hana ki faɗa mini? Inna, gemuna ya fara fari! Kullum ina shigowa ɗakin nan in gaishe ki, ubana yana bayana a bango, ba ki ce juya ba?"

"Lokacin ido ya riga ya tafi."

"Baki ai bai tafi ba!"

"In ce maka me? In ce je ka duba wani ɗigo? Da ka matsa kusa ka sa hanci, ka ce Inna tsufa ya kama ta. Na san halinka, Babba. So nake in tsayar da kai a bakin ƙofa, in kama kafaɗarka yadda ya kama tawa, in nuna maka da yatsana, ina gani kana gani. Abin da bai samu ya yi ba in yi masa."

Ta nuna idonta.

"Kuna ta mamaki na yarda da wuƙa. Don wa kuke tsammani na yarda? Tsoro nake kar in mutu da shi a baki."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Yaya da ban taɓa ji ba. Namiji ne da ko a jana'izar Baba bai bari an ga hawayensa ba. Anti ta juya ta fuskanci bango tana toshe baki.

"Filin," ya ce da ƙyar. "Filin yana nan? Ki faɗa mini sunan wurin, in kai ki yau ɗin nan. Bishiyar ma ta ishe ni."

"An sare ta tun kana makaranta. Tashar mota ce a wurin yanzu."

Na miƙe tsaye. "A wanke shi mana! Yaya, ba fenti ba ne? A kira mutumin ya zo ya cire abin da ya shafa."

Ya girgiza kai, bai dube ni ba.

"Fentin mota ne, Auta. Ni na ba shi ma daga gareji, don ya yi ƙarko. Tina kaɗai ke cire shi, ruwan nan mai narkar da fenti."

"To a sa tinar!"

"Tina ba ta san na sama da na ƙasa ba. In ta ci, har yadi take kaiwa."

Ya tashi a hankali kamar tsoho. Ya sauke hoton daga ƙusa, ya kwantar da shi a kan gado kusa da Inna, inda hasken taga ke sauka. Ya durƙusa. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa.

"Nuna mini daidai wurin."

Inna ta ɗora yatsa a bayan saniyar, ƙasa kaɗan da reshen bishiya.

"Nan."

"Yaya, me za ka yi?" na ce.

"Fentin bai daɗe ba. Wani lokaci in na ƙasa tsoho ne, sabon bai kama shi sosai ba, yana ɓarewa."

"In kuma ya kama fa?"

Ya sa farcen babban yatsansa, baƙi ƙirin da man inji, a gefen wani baƙin tabo na jikin saniyar.

Ya danna. Ya tura kaɗan.

Muka ji ɗan ƙas.

Wani ɓawo ya ɗago, bai fi ƙwayar wake ba. Dukkanmu muka sunkuya, har Inna da aka hana sunkuyawa.

Inda ɓawon ya tashi, babu shuɗi, babu kore. Yadi ne tsirara, fari fat.

"Babu komai," in ji Anti a hankali. "Ko ba nan ba ne?"

Yaya ya juya ɓawon a kan farcensa.

Bayansa shuɗi ne. Wani irin shuɗi mai taushi da ya sha shekaru, har da sawun gashin burushi a jiki. Ya manne da fentin motar, sun taso tare.

Inna ta kai fuskarta kusa, ta ƙura sabon idonta.

"Kafaɗarsa ce," ta ce. "Inda ka kwantar da kai."

Yaya ya kasa sauke hannun, ya kasa rufe shi. Ya dubi ɗan shuɗin da ke kan farcensa, ya dubi ramin da ya bari a yadi, ya dubi sauran saniyar da ta danne wurin.

"Inna," ya ce, hawaye na ɗiga daga gemunsa, "in na ci gaba, a ɓare zan fito da shi. In na bari, ba zan taɓa ganinsa ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Wanne zan yi?"